Abdullahi Bayero

Abdullahi Bayero ɗan Muhammadu Abbas (an haife shi a 1881, ya rasu a watan Disamba na 1953), wanda Kanawa suka fi sani da Sarki Alhaji, shi ne Sarkin Kano na goma a jerin sarakunan Fulani. Ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, wato shekara 27, a zamanin mulkin mallakar Ingila. Kafin ya hau gadon sarauta ya riƙe sarautar Ciroman Kano, ya yi kusan shekara ashirin yana hakimci a Dawakin Kudu da Fanisau da Bichi. Shi ne Sarkin Kano na farko da ya yi aikin Hajji. 'Ya'yansa biyu, Muhammadu Sanusi da Ado Bayero, da ƙanensa Muhammadu Inuwa, duk sun yi sarautar Kano a bayansa, kuma kowannensu ya fara riƙe muƙami a En'e ta Kano kafin a naɗa shi. Jami'ar Bayero da ke Kano sunansa take ɗauke da shi.

Asali da dangi

Abdullahi Bayero Basulluɓe ne daga gidan Ibrahim Dabo. Dabo ya riƙe sarautar Galadima, sannan ya zama Sarkin Kano a 1819 bayan rasuwar Sulaimanu, ya yi mulki har 1846. Shi ne ya farfaɗo da tsofaffin sarautun Kano na zamanin Haɓe, ya raba wasu ga 'ya'yansa, wasu ga manyan gidajen Fulanin da suka yi jihadi, wasu kuma ga amintattun bayin fada. Tun daga nan sarautu irin su Galadima da Wambai da Ciroma da Turaki da Ɗan Iya suka fi zama a hannun 'ya'yan sarki, kuma wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu ana yi masa kallon mai jiran gado.

'Ya'yan Dabo uku ne suka yi sarauta a jere: Usman Maje Ringim daga 1846 zuwa 1855, sai Abdullahi Maje Karofi, sai Muhammadu Bello. Maje Karofi shi ne kakan Abdullahi Bayero. Ya daɗe a kan mulki, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya kuma naɗa da dama daga cikinsu sarautu. Ya haɗa zumunta da Sakkwato ta hanyar aure, domin mahaifiyar ɗansa Aliyu Babba 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce.

Da Bello ya gaje shi, sai ya riƙa tuɓe 'ya'yan Maje Karofi daga sarautunsu don ya share wa ɗansa Tukur hanya. Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur. 'Ya'yan Maje Karofi suka ƙi yin mubaya'a, suka fice daga birni zuwa Takai a ƙarƙashin Yusufu, tsohon Galadima. Wannan shi ne mafarin yaƙin Basasa tsakanin Yusufawa da Tukurawa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya ci birnin Kano a 1894. Abbas, mahaifin Abdullahi Bayero, yana ɓangaren Yusufawa, kuma ya riƙe sarautar Wambai a zamanin Aliyu. Tun daga wannan nasara sarautar Kano ba ta sake fita daga zuriyar Maje Karofi ba.

Ƙuruciya da karatu

An haifi Abdullahi Bayero a shekara ta 1299 bayan Hijira, a ƙarshen zamanin kakansa. Yana ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha uku aka yi Basasa. Ya yi karatun allo da na littattafan addini a fada, kamar yadda aka saba yi wa 'ya'yan sarauta. Makarantar boko ta farko a Kano, wadda Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa, sai a 1909 ta fara aiki, lokacin Abdullahi ya riga ya zama magidanci mai sarauta. Ya ci gaba da hulɗa da malamai har bayan ya zama hakimi, kuma an san shi da haka tsawon rayuwarsa.

Zuwan Turawa da sabon tsarin hakimci

Sojojin Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Aliyu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. A kan hanyar dawowa rundunar ta rabu. Waziri Ahmadu ya ja wasu suka kara da Turawa a Kwatarkwashi, inda ya rasu. Wambai Abbas kuwa ya komo Kano da jama'a mai yawa, Lugard ya naɗa shi sarki a watan Afrilu na shekarar. An kama Aliyu, aka kai shi Yola, daga nan Lokoja, inda ya zauna har rasuwarsa a 1926. Hawan Abbas shi ya buɗe wa ɗansa Abdullahi ƙofar manyan sarautu.

Kafin zuwan Turawa, yawancin hakiman Kano a cikin birni suke zaune, kusa da sarki. Garuruwan da ke hannun kowane hakimi a warwatse suke cikin ƙasar Kano, kuma jakadu ne ke kai umarninsa su karɓo masa kuɗin ƙasa da zakka da jangali. Turawa sun ga wannan tsari ba ya ba su damar sanin abin da ake tarawa. A zamanin Razdan Cargill, wajen 1907 zuwa 1908, aka harhaɗa garuruwan da ke maƙwabtaka da juna aka mayar da su gundumomi, aka umarci kowane hakimi ya fita ya zauna a gundumarsa, aka soke aikin jakadu. Sarki Abbas bai ji daɗin wannan sauyi ba, domin ya raba shi da manyan fadawansa. Saɓanin ya ƙara tsanani da Cargill ya ɗaga Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, wanda bawan sarki ne, ya ba shi sarautar Waziri. Razdan Temple, wanda ya zo a 1909, ya warware wannan naɗi, aka ba Alƙalin Kano Muhammadu Gidado Waziri. A wannan shekara aka kafa Baitulmalin Kano, sarki da hakimai da alƙalai suka koma karɓar albashi maimakon kaso daga abin da suka tara.

Shekarun hakimci

A cikin wannan sabon tsari aka ba Ciroma Abdullahi kula da gundumomin da ke kewaye da birnin Kano. Ya fara zama a Dawakin Kudu, a 1914 ya koma Fanisau, daga bisani ya zama Hakimin Bichi. Ƙasar da ke kewaye da birni ita ce mafi cikar jama'a da gonaki a masarautar, don haka harajinta ya fi na ko'ina nauyi a lissafin Baitulmali. A nan ne aka yi amfani da tsarin taki, inda malamai ke auna gona da taku a yanka wa mai ita haraji gwargwadon faɗinta.

Aikin hakimi a wancan zamani ya haɗa da ƙidayar masu biyan haraji da shanun jangali, da tara kuɗin ta hannun dagatai da masu unguwanni, da gyaran hanyoyi da kasuwanni, da kai rahoton annoba ko rikicin iyaka. Di'o kan zagayo rangadi ya duba littattafai, kuma an tuɓe hakimai da dama a Kano saboda giɓi a kuɗin haraji. Shekarun Ciroma a karkara sun zo daidai da manyan sauye-sauye. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe gadan-gadan daga 1912, kuɗin Turawa suka fara korar wuri daga kasuwa, sannan aka yi mummunar yunwa a 1913 zuwa 1914. Ciroma ya fita daga waɗannan shekaru da shaidar riƙon amana da iya aiki.

Hawa gadon sarauta

Sarki Abbas ya rasu a 1919. Ba a naɗa Ciroma ba a wannan karo. Ɗan'uwan mahaifinsa, Wambai Usman ɗan Maje Karofi, shi aka ba sarauta. Usman dattijo ne mai fama da rashin lafiya, saboda haka al'amuran fada da yawa suka koma hannun manyan bayin sarki, abin da Turawa suka riƙa ƙorafi a kai. Ciroma ya ci gaba da hakimcinsa har Usman ya rasu a 1926.

Masu zaɓen sarki a Kano huɗu ne: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A zamanin Turawa zaɓensu ba ya tabbata sai da amincewar Gwamna. A cikin masu neman sarautar babu wanda ya kai Ciroma daɗewa a aikin gunduma. An bayyana shi Sarkin Kano a 1926, aka yi bikin ba shi sandar girma ran 14 ga Fabrairu 1927.

Majalisa da rabon sarautu

Babban sauyin farko a mulkinsa shi ne rage ikon cucanawa, wato bayin da aka haifa a gidan sarki. Masu sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun daɗe suna tsakanin sarki da hakimansa, ta hannunsu saƙo ke shiga, ta hannunsu yake fita. Abdullahi Bayero ya 'yanta bayin fada, ya janye su daga harkar mulki, kamar yadda Turawa suka daɗe suna nema. A madadinsu aka kafa ƙaramar majalisa mai rabon aiki. Waziri ya riƙe sha'anin shari'a, Madaki ya kula da hakimai da gundumomi, Galadima ya kula da birni, Ma'aji kuma ya riƙe Baitulmali.

Wajen naɗin sarautu ya bi hanyar kakanninsa. Ya ba ɗansa Muhammadu Sanusi sarautar Ciroma da hakimcin Bichi, wato kujerar da shi kansa ya tashi daga kai. Ya naɗa wani ɗansa, Aminu, Ɗan Iya kuma Hakimin Dawakin Kudu. A 1927 aka tuɓe Muhammadu ɗan Sarki Usman daga sarautar Turaki da hakimcin Ungogo, sarki ya ba ƙanensa Muhammadu Inuwa Turaki, ya ba wani ɗan'uwansa, Abdulƙadir, Galadima. Daga baya Inuwa ya zama Galadima. Da haka manyan sarautun 'ya'yan sarki suka taru a gidan Abbas, sauran rassan gidan Dabo suka ja baya.

Gidajen masu zaɓen sarki sun ci gaba da riƙe gundumominsu, Madaki a Dawakin Tofa, Makama a Wudil, Sarkin Bai a Dambatta. Akwai kuma malamai da suka yi sama ta hanyar ilimi da kusanci da sarki. Fitacce a cikinsu shi ne Malam Sulaimanu, wanda ya riƙe Ma'aji, daga baya ya zama Walin Kano na farko.

Ayyukan raya ƙasa da ilimi

En'e ta Kano ita ce mafi ƙarfin Baitulmali a Jihar Arewa, saboda yawan jama'a da cinikin gyaɗa. Da kuɗinta aka yi aikin ruwan famfo daga kogin Challawa da na wutar lantarki, waɗanda aka buɗe a 1931. A farkon mulkinsa aka kafa Asibitin Birni, wanda yanzu ake kira Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, da makarantar Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa. An buɗe makarantar horar da ma'aikatan shari'a a Shahuci. A 1934 aka kafa Makarantar Shari'a ta Kano, aka ɗauko mata malamai daga Sudan don horar da alƙalai. A 1947 aka faɗaɗa ta ta zama Makarantar Nazarin Larabci.

Tafiya Ingila da aikin Hajji

A 1934 Abdullahi Bayero ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman, suka gana da Sarkin Ingila George na Biyar. Gwamnatin Ingila ta ba shi lambobin girma na CBE da CMG a zamanin sarautarsa.

A 1937 ya tafi aikin Hajji tare da Galadima Abdulƙadir da Malam Sulaimanu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya riga shi zuwa tun 1921, amma a Kano shi ne na farko, daga nan laƙabin Sarki Alhaji ya bi shi. A wannan tafiya ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a ƙasar Senegal, ya kuma gayyace shi Kano. Gidan sarautar ya riga ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya tun zamanin Abbas. Ziyarce-ziyarcen Shehun daga shekarun 1940 sun mayar da Kano babbar cibiyar almajiransa a Nijeriya, kuma Muhammadu Sanusi ya zama halifansa daga baya. Sarkin ya biya ta Masar a wannan tafiya, inda ya ga manyan masallatai. Bayan dawowarsa aka ɗauki aikin sabon Masallacin Juma'a na birni a gefen Gidan Rumfa, wanda aka buɗe a 1951.

Fagge da Sabon Gari

A zamaninsa unguwannin da ke bayan ganuwa, waɗanda ake kira Waje, suka bunƙasa ƙwarai. Fagge tsohon zango ne inda ayarin raƙuma da fataken Arewa ke sauka tun kafin Turawa. Bayan isowar jirgin ƙasa ta cika da baƙi Musulmi masu jin Hausa, 'yan kasuwa da masu sana'a da leburori, kuma tana ƙarƙashin sarki da alƙalansa. A kudancinta Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan da Siriya, suka kafa kantunansu, wurin da ya zama Kantin Kwari. Sabon Gari kuwa Turawa ne suka yanka ta a 1913 don ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa. Mazaunanta na farko sun haɗa da Yarabawa da Nufawa da Hausawa da mutanen Saliyo da na ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Daga baya Ibo suka fi kowa yawa a cikinta.

Shekaru da dama Sabon Gari ba ta ƙarƙashin sarki. Jami'in Bature ne ke kula da ita kai tsaye, kuma tana da kotunta dabam. A 1940 aka mayar da ita hannun En'e ta Kano, aka sa harkokin Waje a ƙarƙashin Wakilin Waje. Da wannan Abdullahi Bayero ya zama mai mulkin dubban mutanen da ba su taso cikin tsarin hakimi da dagaci ba. Da yawansu Kiristoci ne, suna da ƙungiyoyin ƙabilunsu da makarantunsu, suna karanta jaridun Legas, kuma ba su da wata alaƙa ta jini ko ta aure da gidajen sarauta.

Siyasa da rikicin 1953

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa Majalisar Sarakuna a Kaduna, Sarkin Kano ya zama ɗaya daga manyan 'yan majalisar. A wannan lokaci tsufa ya fara kama shi, Ciroma Sanusi ya ɗauki mafi yawan nauyin gudanar da En'e. Ran 8 ga Agusta 1950 wasu matasa, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Maitama Sule da Mudi Sipikin, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta daga baya. Babban abin da ta sa a gaba shi ne sukar yadda muƙaman En'e suka zama gadon wasu gidaje ƙalilan, da zaluncin da ta ce ana yi wa talakawa wajen haraji da shari'a. Ta sami magoya baya da yawa a Fagge da cikin birni. A zaɓen 1951 ta yi nasara a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda En'e ke da ikon ƙara wakilanta a cikinsa, ya hana 'yan takararta kaiwa majalisa. A cikin watan da aka kafa NEPU, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurin gyaran En'e a majalisar Kaduna. A 1952 doka ta sauya matsayin sarki daga mai iko shi kaɗai zuwa sarki tare da majalisarsa.

A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Legas cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ƙi amincewa da sa ranar, aka yi musu ihu a titunan Legas. Da jam'iyyar Action Group ta turo tawaga ƙarƙashin S. L. Akintola don yin taro a Kano, sai rikici ya ɓarke a Sabon Gari ran 16 ga Mayu. An kwana huɗu ana faɗa, mafi muninsa a kan iyakar Fagge da Sabon Gari, kuma yawancinsa tsakanin 'yan Arewa da Ibo. Sai da aka kafa dokar ta-ɓaci aka kawo sojoji kafin ƙura ta lafa. Alƙaluman gwamnati sun nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Wannan rikici na cikin dalilan da suka sa aka kira taron tsarin mulki a Landan a shekarar, wanda ya haifar da tsarin tarayya na 1954.

Rasuwa da zuriya

Abdullahi Bayero ya rasu a Kano a watan Disamba na 1953, wata bakwai bayan rikicin, yana da shekara 72. An binne shi a gidan sarki na Nasarawa, inda kabarin mahaifinsa yake.

Ciroma Muhammadu Sanusi ne ya gaje shi. Ya yi mulki har 1963, lokacin da ya yi murabus bayan binciken da Gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka yi kan kuɗin En'e ta Kano, ya koma Azare da zama. Galadima Muhammadu Inuwa ya hau, ya rasu bayan wata shida. Sai aka naɗa Ado Bayero a watan Oktoba na 1963. An haifi Ado a 1930, ya yi Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokar En'e, sannan ya zama jakadan Nijeriya a Senegal. Ya yi shekara 50 a kan mulki, ya rasu ran 6 ga Yuni 2014. Jikansa ta wajen Sanusi, Aminu Sanusi, ya riƙe sarautar Ciroma, ya kuma yi aikin jakadanci har ya zama babban sakatare a Ma'aikatar Harkokin Waje. Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda aka naɗa a 2014, ɗan wannan Aminu ne, Aminu Ado Bayero kuma, wanda aka naɗa a 2020, ɗan Ado ne. Duk wanda ya hau gadon Kano tun daga Oktoba 1963 zuriyar Abdullahi Bayero ne.

Tunawa da shi

A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya wa kwalejin suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen jami'ar. A 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta da sunan Jami'ar Bayero. Masallacin Juma'ar da aka gina a zamaninsa har yanzu shi ne babban masallacin birnin Kano.